Shaidar Zur: Daga Shelar Kasuwa zuwa Gidan Kaso

Goggona tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa ta Yamai tun da aka sake buɗe ta a 1987, bayan gobarar 1982. A bakin rumfarta, gaban maƙwabta biyu, mijinta ya ce mata: "Na sake ki." Da aka je gaban alƙali, sai mutanen nan suka rantse wai cewa ya yi: "Je ki gida ki huce."

Ku dubi tazarar maganganun biyu. In shi ya sake ta, sadakinta nata ne. In kuwa ita ta nemi rabuwa, ya zama hul'i, sai ta mayar da dukiya. To, goggo ta biya.

Wannan ya sa na bi tarihin abin. Kalmar zur daga Larabci muka aro ta, tare da hukuncinta. A fiƙihun Malikiyya, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure, Muhtasar na Halilu ya tanadi a hori mai shaidar zur a bainar jama'a, a yi shelarsa. Risala kuma ta ɗora masa biyan abin da ya jawo aka yi hasara, idan ya amsa ƙaryarsa bayan hukunci. Ina jama'a take taruwa in ba kasuwa ba? Ɗan kasuwar da aka yi wa shela, wa zai ƙara ba shi bashi?

Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta raba aikin biyu. Kundin hukunta laifuka na 1961, mai tushe a dokar Faransa, ya sa ɗauri da tara a kan shaidar ƙarya. Dokar 62-11 ta 16 ga Maris 1962 kuwa ta bar aure da saki a hannun al'ada, alƙali na zama da masu ba shi shawara kanta. Dokokin 2004 da 2018 sun riƙe wannan tsari.

Ga inda gizo ke saƙa: saki da baki ake yin sa, kaso kuwa sai da hujja. Matar da shaidunta suka juya mata baya, da wa za ta kama su?

Goggo ba ta kai ƙara ba. Amma har yau, a layinsu, ba mai kiran mutanen nan biyu shaidar ciniki, ko na turmi ɗaya.