Me Ke Kai Paparoma Masallaci?

Jama'a masu sauraro, tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kafanchan. Ya ce, wai shin me ke kai Paparoma masallatai da wuraren ibadar Yahudawa, kuma duk 'yan Katolika sun yarda da haka?

To Malam, abin ya samo asali ne a 1965, lokacin da babban taron limaman Katolika a Fadar Vatikan ya zartar da wata takarda mai suna Nostra Aetate. Takardar ta ce Coci na girmama Musulmi, ta nemi a mance da husumar da ta wuce, ta kuma hana a ɗora wa Yahudawa baki ɗaya laifin mutuwar Almasihu.

Wanda ya fi ɗabbaƙa wannan shi ne Paparoma John Paul na Biyu. A 1985 ya yi wa dubban matasa Musulmi jawabi a Kasabalanka, bisa gayyatar Sarki Hassan na Biyu na Maroko. A 1986 ya shiga majami'ar Yahudawa ta birnin Rum, ya kuma tara shugabannin addinai a garin Assisi don addu'ar zaman lafiya. A 2000 ya nemi gafarar Allah kan laifuffukan da 'ya'yan Coci suka aikata a tarihi, sannan ya tafi Birnin Ƙudus. A 2001 kuma ya cire takalmi ya shiga Masallacin Banu Umayya na Damaskus, abin da wani Paparoma bai taɓa yi ba.

Ko a Najeriya ma, ganawar da aka shirya masa da shugabannin Musulmi a Kaduna a 1982 ba ta yiwu ba, sai da ya komo a 1998 aka yi ta a Abuja.

Amma fa ba a taru an zama ɗaya ba. Akbishop Marcel Lefebvre na Faransa ya yi tir da taron Assisi, yana ganin an daidaita gaskiya da ɓata. A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, aka kore shi daga Coci. Ita ma Vatikan, a 2000, ta fitar da takarda tana jaddada cewa tattaunawa ba ta nufin sakin aƙida.

Masu goyon baya kuwa cewa suke, ba sai addini ya zo ɗaya ake zaman maƙwabtaka ba. A kan wannan turba ce Paparoma Francis da Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi a 2019.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.