Bukukuwan Ƙasar Arewa: Daga Buɗin Daji Zuwa Kokowar Kaka

 

In ka tashi daga Yamai ka bi babbar hanya ta gabas, ka wuce Doso, bayan tafiyar kilomita wajen 270 za ka hangi wani dutsi ya miƙe bisa gari. Ka iso Dogon Dutsi ke nan, cikin ƙasar Arewa. Kwarin da ake kira Dallol Mawri ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, garuruwa kuwa sun jeru kusa da shi: Matankari, Dogon Dutsi, Kiyeshe, Kore Mai Ruwa, Tibiri, Gesheme. Tun shekarar 2011 ƙasar ta kasu gunduma biyu, ta Dogon Dutsi da ta Tibiri, amma tushen mutanen ɗaya ne.

A ƙasashen Turai, watan Yuli da na Agusta su ne lokacin hutu da yawon kallon wasanni. Mu nan tsakiyar damana ce. Wanda ya tafi kallon wasa ya bar haki a gona, rumbunsa zai ba shi labari. To, yaushe ne Ba'are ke wasa? Amsar ita ce, bukukuwanmu hauya suke bi. Akwai na kafin shuka, akwai na cikin noma, akwai na bayan girbi. Tarihinsu nike so in ba ka yau.

Ƴan ƙasa da ƴan sarauta

Tsofaffi sun ce Gubawa ne sunka fara zama a wagga ƙasa. Sun ce wata Sarauniya ta taso daga Daura da jama'arta, dutsen da ake kira Tunguma yana nuna musu hanya, har sunka sauka a Lugu, wanda yau ke cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari. A Bagaji kuma Baura ya zauna. Waɗanga biyu su ne manyan ƴan ƙasa. Su ke da alkawari da iskokin ƙasa, a hannunsu maganar ruwa da daji take.

Daga baya, in ji tarihin baka, wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya biyo ta nan. Ɗiyar Baura ta haifa masa ɗa, anka sa masa suna Akazama. Daga gare shi sarautar Arewa ta samo asali, Matankari ta daɗe tana gidanta, kafin Nasara su maida ta Dogon Dutsi. A kudu kuma akwai sarautar Samna a Tibiri, wadda Samna Karhe ya ɗaukaka da yaƙi a ƙarni na 19.

Ka ga ke nan iko ya rabu biyu. Sarki na da doki da tambari da mashi, ɗan ƙasa na da tsafi da gona. Saboda haka taronmu ma iri biyu ne tun asali: na fada, inda ake hawa da kirari, da na ƙasa, inda ake yanka da duba. Ko wajen naɗi ba su zama ɗaya ba. In Sarauniya ko Baura ya rasu, ba shawara ake zama yi ba. Gawar ake ɗauka bisa kai, masu ɗaukar su yi ta tafiya har su tsaya gaban wanda zai gada. Wanga shi ake kira tarkama.

Kafin ruwa ya sauka

Manomi na da nasa lissafin wata. Daga ɗaukewar ruwa yake fara ƙirga, in an kai watan bakwai sai ya fara duban gabas. Cikin waɗanga watanni na rani ake yin buɗin daji, a Arewa da Konni da Gobir da sauran ƙasashen Azna. Maharba da manyan tsafi su taru a bakin daji, a yi yanka, a duba abin da shekara ke tafe da shi: ko ruwa zai wadata, ko akwai fara, ko akwai ciwo. Bayan haka ne ake shiga farautar taro. Kafin a buɗe daji, ba mai kiran farauta. Duba da kyau, za ka ga doka ce a cikin rigar biki. Namun daji na samun watanni suna hutawa, kuma ba a tattake amfanin kowa da sunan bin zomo.

Akwai kuma gyaran gari. Ƴan bori su fito da goge da ƙwarya, a yi yanka, a nemi tsari daga annoba da tsawa da gobara. In watan bakwai ya wuce sama ba ta yi baƙi ba, hankali ya tashi. Azna su nufi wuraren tsafinsu, Musulmi su fita bayan gari sallar roƙon ruwa, mata su dafa sadaka a raba wa yara.

Kada ka yi mamakin yadda kakanninmu sunka ɗauki waɗanga taruka da nauyi. Damanarmu wata uku ce zuwa huɗu, in ta ɓaci shekara ta ɓaci. A 1931 fara da fari sunka jawo yunwar da ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar. An sake shan wuya a 1973 da 1974, an kuma sha a 1984. Mutumin da ransa ke rataye ga hadari, dole ya nemi wanda zai gaya masa labarin gobe.

Cikin damana

Ruwan shuka na sauka, gari ya watse. Amma ko a tsakiyar aiki akwai wasa guda, shi ne gayya. Mai gona ya gaya wa sarkin samari, a sa rana. Samari su jeru da hauya, makaɗi na bayansu da gangar noma, yana kiran sunan kowa da na ubansa. Ƴan mata su kawo fura da ruwa, suna kallon wanda ya fi cin kuyya. Wane saurayi ne zai yarda a bar shi baya a gaban budurwarsa? Gonar da za ta ci mutum ɗaya kwana goma, sai ta ƙare kafin la'asar. Da gayya ake noma wa suruki, da ita ake taimakon tsoho da marar lafiya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kaka, uwar wasanni

In hatsi ya nuna, yara sun fara gasa tumu, to dariya ta komo gari. Ana gama ɗaurin dammai sai aure ya tashi ko'ina, don yanzu akwai abin ciyar da baƙi. A ƙasar Hausa, manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya ciyar da jama'a, ya yi kyauta har a yi mamaki, sa'an nan a kira shi sarkin noma. Mahauta kuma su ɗaure hannu su shiga dambe.

Amma babban wasan kaka shi ne kokowa. Ina tunawa, ina yaro, in farin wata ya fito sai mu ji ganga daga garin da ke gabas da namu. Kafin a jima ga samarinsu sun iso, layu sun cika musu damtse. Sarkin samarinmu ya sauke su, a ba su tuwo da goro. Da dare a yi da'ira a dandali, tsofaffi a gaba, mu yara muna leƙe ta tsakanin ƙafafu. Ɗan kokowa ya fito ya yi kirari, ya durƙusa gaban wanda yake nema. In anka yi kaye, mata su ɗauki guɗa, a ɗaga gwani sama. Abin da zai samu bai wuce goro da ƴan kuɗi ba, amma sunansa zai kai garuruwa goma kafin kasuwa ta ci. Wata mai zuwa kuma namu su tafi ramuwa. Ta haka garuruwa ke sanin juna, ta haka aure ke ƙulluwa tsakaninsu.

Zuwan Nasara

A watan Afrilu na 1899, ana tsakiyar zafin bazara, rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta shigo Arewa tana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta Lugu ta ƙi ba su hanya. Maharbanta sunka tare su da kibau, anka yi yaƙi mai tsanani, daga bisani anka ƙone garin, jama'a ta watse cikin daji. Rundunar ta wuce ta yi ɓarna a Birnin Konni, a watan Yuli kuma sojojinsu da kansu sunka kashe shugabannin nan biyu. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya maida shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987.

Mulkin Nasara ya taɓa bukukuwa ta hanya biyu. Da fari, ya ɗauki sarakuna ya ba su aikin karɓar haraji, ya bar ƴan ƙasa a gefe, kamar ba su da magana. Na biyu, aikin dole ya riƙa kwashe samari a lokacin da ya kamata su yi wasa, har zuwa 1946 da anka soke shi. Ya kuma kawo nasa biki, ranar 14 ga watan Yuli, inda sarakuna ke hawa su je gaida kumandan, ko da kuwa noma bai ƙare ba.

Salla da shara

Musulunci ya daɗe a maƙwabtanmu, amma a Arewa sai a ƙarni na 20 ya game gari da ƙauye. Ya zo da nasa ranaku: ƙaramar salla, sallar layya, Mauludi. Lissafinsu na wata ne zalla, kowace shekara suna matsowa da kwana 11, ba ruwansu da rani ko damana. Ka tuna a 2013 azumi ya kama a watan Yuli, munka yi noma da ƙishirwa. A 2019 kuma layya ta faɗo a watan Agusta, mutane sunka bar gona kwana biyu sunka koma.

A watan farko na shekarar Musulunci ake yin shara, inda taubasai ke bin juna da ba'a suna karɓar kuɗin shara. Ba'are da Babarbare, in sun haɗu, sai ka rantse faɗa za su yi, alhali labarin Ari ne ya haɗa su. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasai na Nijar cikin kayan gadon duniya.

Da salla ta yi ƙarfi, tsafi ya ja baya. Wa'azi ya ƙaru, musamman bayan da Izala, wadda anka kafa a Jos a 1978, ta iso garuruwanmu. Gidaje da yawa sunka bar yanka, wasan bori ya ragu. Yau a garuruwa da dama tsofaffi ƙalilan ne sunka san yadda ake buɗin daji.

Bukukuwan gwamnati

Bayan 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta tada Samariya, ta ba samari aikin gayya na gari da gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1975 anka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka. Tun daga nan kokowa ta fita daga dandali ta shiga babban fili, ana yawo da ita jiha jiha, kowace jiha da ƴan kokowarta 10, gwani ya tafi gida da takobi. Jiharmu ba ta ji kunya ba. Filin kokowa na Doso sunan Salma Ɗan Rani yake ɗauke da shi, Isaka Isaka kuma ya kawo takobi gida sau da yawa.

A 1975 ɗin dai anka haɗa ranar 3 ga watan Agusta, ranar samun ƴancin kai na 1960, da dashen itatuwa. Wanga shi ne bikin gwamnati da ya dace da damana, don ƙasa na da laima, icce na kamawa. A 2014 kuma Doso ta karɓi bikin 18 ga Disamba, wanda anka kira Doso Soga.

Abin da ya rage gare mu

Ɗan'uwa, ka ga hawa uku ke nan: na ƴan ƙasa, na addini, na gwamnati. Na biyu da na uku suna da masu tsaronsu. Na farko ne ke cikin haɗari, da shi da wasannin ƙauye. Hatsi na shiga rumbu samari sun tafi cirani, dandali ya zama kango. Gayya ta koma aikin kuɗi. A wasu wurare rashin tsaro na shekarun nan ya hana taron dare. Marc-Henri Piault ya fitar da littafin tarihin Arewa a 1970 da Faransanci, Adeline Masquelier ta fitar da nata a kan borin Dogon Dutsi a 2001 da Turanci. Baƙi sun zo daga nesa sun tambayi kakanninmu, mu da ke kwana gida ɗaya da su ba mu tambaya ba.

Ba cewa nike ka koma ga tsafi ba, kowa da addininsa. Amma sanin abin da kakanka ya yi, da dalilin da ya sa ya yi shi, ba ya karya alwala. Bana, in maƙwabcinka ya kira gayya, ɗauki hauyarka. Ranar 3 ga Agusta dasa icce ɗaya, ka yi masa shinge saboda awaki. In kaka ta yi, ku nemi sarkin samari ku gayyato garin da ke kusa, ku share dandali. Kafin nan kuma, sayi goro ka je wurin tsohon da ya fi kowa shekaru a unguwarku, ka tambaye shi a wane wata ake buɗe daji a garinku, wa ke gaba, a gindin wane icce ake taruwa. Tafi da ɗanka ya ji da kunnensa.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kai mu kaka lafiya. Amin.