Leon Fleisher, Makaɗin Fiyanon da Hannun Dama Ya Ƙi Wa Biyayya Shekara Talatin

An haifi Leon Fleisher a birnin San Francisco na ƙasar Amurka ranar 23 ga Yulin 1928, a gidan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, mahaifinsa mai sana'ar huluna daga Odessa, mahaifiyarsa kuwa daga Folan. Ya fara taɓa fiyano yana da shekara 4, ya yi wasa a bainar jama'a yana da shekara 8, kuma fagen da ya shiga shi ne na kiɗan kilasika, wato kiɗan Turai da mai tsarawa ke rubutawa da alamomi a takarda, makaɗi kuma ya karanta ya fitar da shi ba tare da ƙari ko ragi ba, ta yadda gwanintarsa ke bayyana a lafazi da nauyin hannu da sanin inda ake jinkirtawa.

Yana da shekara 9 makaɗin fiyano Artur Schnabel ya karɓe shi almajiri, abin da ba ya yawan yi wa yara, kuma ya zauna a hannunsa kusan shekara goma, da farko a bakin tafkin Como na Italiya, daga baya a New York bayan guguwar yaƙi ta taso a Turai. Wannan almajirci yana da nauyi na musamman a wurin masana, domin Schnabel ya yi karatu wajen Theodor Leschetizky, shi kuma wajen Carl Czerny, Czerny kuwa wajen Beethoven da kansa, silsila ke nan irin wadda malaman zaure ke lissafawa idan za su nuna daga inda karatunsu ya fito. Abin da Schnabel ya dasa masa shi ne cewa makaɗi sai ya ji sautin a cikin kansa kafin yatsa ya sauka kan maɓalli, kuma darajar wannan koyarwa ba ta fito masa sosai ba sai da musiba ta same shi.

Ɗaukaka ta zo masa da wuri. A 1944, yana da shekara 16, ya kaɗa konceto na farko na Brahms a zauren Carnegie tare da ƙungiyar makaɗa ta New York ƙarƙashin jagorancin Pierre Monteux. Konceto kuwa doguwar tsararriyar kiɗa ce da makaɗi guda ke yin musayar sauti da babbar ƙungiya mai goge da algaitu da ganguna. A 1952 ya zama Ba'amurke na farko da ya lashe gasar Sarauniya Elisabeth a ƙasar Beljiyam. Daga nan ya haɗa kai da George Szell, jagoran ƙungiyar Cleveland da aka sani da tsanani, suka naɗi konceto biyar na Beethoven da biyu na Brahms a faifai, waɗanda har yau masu koyon fiyano ke auna kansu da su saboda tsabtar sautinsu da kuma rashin kwalliyar da ba ta da dalili. A 1959 ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore, a lokacin da ake ganin koyarwar aikin gefe ne kawai ga mutumin da duniya ke neman wasansa.

A 1964, yana da shekara 36, yatsansa na huɗu da ƙaramin yatsa na hannun dama suka fara lanƙwashewa zuwa cikin tafin hannu duk lokacin da ya zauna gaban fiyano. Ya ɗauka rauni ne da ƙarin atisaye zai gyara, sai ya ƙara sa'o'in aiki, lamarin kuwa ya ƙara taɓarɓarewa har rubutu da alƙalami ya yi masa wuya, kuma a 1965 dole ya janye daga rangadin da ƙungiyar Cleveland ta shirya zuwa Tarayyar Sobiyet. Ya bi likitoci iri-iri shekara da shekaru ba tare da an gane ciwon ba, sai bayan lokaci mai tsawo aka tabbatar masa cewa distoniya ce, cutar da tushenta ke cikin ƙwaƙwalwa, inda saƙon da ke zuwa ga wasu tsokoki ke rikicewa sai su ƙanƙance ba da nufin mai su ba. Hannun da kansa lafiyarsa lau, umarni ne ba ya isa gare shi daidai, kuma cutar ta fi kama masu maimaita motsi guda dubban sau, irin su makaɗa da marubuta. Fleisher bai ɓoye ba cewa ya shiga baƙin ciki mai tsanani a shekarun farko, har aurensa ya mutu.

Mafita ta farko ta zo ne daga gadon wani makaɗi da ya riga shi shan wannan ɗaci. Paul Wittgenstein, ɗan ƙasar Ostiriya kuma yayan masanin falsafa Ludwig Wittgenstein, ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya yi amfani da dukiyar gidansu ya biya manyan masu tsara kiɗa su rubuta masa ayyukan hannun hagu kaɗai, cikinsu har da Ravel da Prokofiev da Britten da Hindemith. Hikimar irin wannan kiɗa ita ce babban yatsan hagu shi ne ya fi kusa da maɓallan sauti mai zaƙi, saboda haka shi ke ɗaukar karin waƙa, sauran yatsu huɗu kuma su cika ƙasa da sauti mai kauri, har mai saurare ya zaci hannu biyu ne ke aiki. Fleisher ya mai da konceton Ravel abin da aka fi saninsa da shi a waɗannan shekaru. Na Hindemith kuwa, wanda aka rubuta a 1923, Wittgenstein bai taɓa kaɗa shi ba kuma bai bari wani ya kaɗa ba, ya kwanta cikin takardunsa har bayan rasuwar matarsa, sai a 2004 Fleisher ya fara fitar da shi ga jama'a a Balin ƙarƙashin jagorancin Simon Rattle.

Mafita ta biyu ita ce jagorancin makaɗa, aikin mutumin da ke tsayawa gaban ƙungiya yana nuna mata gudu da ƙarfi da lokacin shigar kowane sashe. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Theater Chamber Players a Washington a ƙarshen shekarun 1960, ya jagoranci ƙungiyar Annapolis daga 1970, ya zama mataimakin jagora a Baltimore daga 1973, sannan ya riƙe ragamar cibiyar horar da matasan makaɗa ta Tanglewood daga 1986 zuwa 1997.

A aji ne, duk da haka, asarar ta fi haifar da riba. Malamin fiyano na yau da kullum yakan ture ɗalibi gefe ya nuna masa da hannu, ɗalibin kuma ya kwaikwaya ko da bai fahimci dalili ba. Wannan hanya ta toshe wa Fleisher, don haka dole ya nemo kalmomin da za su bayyana abin da kunne ke ji, ya yi ta tambayar ɗalibi ina jimlar kiɗan ta nufa da kuma me ya sa wannan bugu ya fi wancan nauyi, kuma shi da kansa ya sha faɗin cewa ciwon ya mai da shi malamin da ya fi na da. Shaidar hakan tana ga waɗanda suka bi ta hannunsa, irin su André Watts da Yefim Bronfman da Louis Lortie da Hélène Grimaud da Jonathan Biss, waɗanda kowannensu ya fito da muryarsa daban, babu mai kama da wani balle ya zama kwafin malaminsa. Wannan ya fi kowace lambar yabo nuna girman aikinsa.

Ya yi yunƙurin dawowa da hannu biyu a 1982, a bikin buɗe zauren Meyerhoff na Baltimore bayan an yi masa tiyata a wuyan hannu, amma yatsun suka sake komawa gidan jiya. Sai a tsakiyar shekarun 1990, da taimakon tausa mai zurfi da ake kira Rolfing da kuma allurar Botox mai sassauta tsokar da ta ƙanƙance, ya samu sauƙin da ya ba shi damar kaɗa konceton Mozart tare da ƙungiyar Cleveland a 1995. Maganin bai warkar da cutar ba, lallaɓa ta kawai yake yi, shi ya sa ya riƙa zaɓen ayyukan da hannun zai iya ɗauka. Faifansa na 2004 mai suna Two Hands shi ne na farko da ya naɗa da hannu biyu cikin kusan shekara 40, kuma a 2007 aka karrama shi da lambar Cibiyar Kennedy. Ya ci gaba da koyarwa a Peabody fiye da shekara 60, har zuwa rasuwarsa a Baltimore ranar 2 ga Agustan 2020, yana da shekara 92.