Kaskon Ƙosai da Dankali a Bakin Masana'antun Kano

Wake ɗan asalin Afirka ne, dankalin Hausa kuwa baƙo ne daga nahiyar Amurka, amma kasko ɗaya ya haɗa su a ƙofar masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa. A zamanin da masaƙu da kamfanonin fata ke aiki dare da rana, matan garinmu da suka biyo mazajensu birni ne ke ciyar da leburori ƙosai da soyayyen dankali da yaji. Da ribar nan aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Bayan shirin SAP na 1986, ga ƙarancin lantarki, masaƙu suka yi ta rufewa, ciniki ya ja baya. 'Yan uwa, duk ran da za a lissafa magina garinmu, kada a manta da iyayen nan mata.