Maserati A Ƙasar Adar: Abin Da Tarihin Mota Ke Gaya Wa Mai Shirin Sayen Gwanjo

Motar da aka sayar sabuwa a Turai kan kuɗin da ya haura euro 100,000, wato fiye da sefa miliyan 65, yau dillalai na tallarta a wayoyinmu kan miliyan huɗu da rabi. Duk wanda ya ji wannan farashi dole ransa ya biya. Amma kafin a miƙa kuɗi akwai tambayar da ya kamata a yi: me ya sa Bature ya rabu da ita a kan kuɗin ƙaramar Toyota?

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wani abokin aikina, malamin firamare a ƙasar Buza, wanda ya shekara fiye da ashirin yana riƙe da alli. Ya haɗa kwasar adashinsa da ribar albasar rani ta shekara uku, yana neman motar da za ta riƙa kai iyalinsa Madawa da Tawa. Sai wani dillali ya turo masa hoton Maserati Quattroporte ƙirar 2006, baƙa wuluk, kujerun fata, mitarta na nuna kilomita 210,000. Ya ce mini, "Malam, kai da ke koyar da tarihi, duba mana wannan." Ni ba bakanike ba ne. Abin da na koya a makarantar horar da malamai ta Kawusan da ke Tawa shi ne in duba abin da ya wuce kafin in yanke hukunci kan na yanzu. Tarihin mota a ƙasarmu kuwa ya kai shekara ɗari, kuma darasinsa bai taɓa sauyawa ba.

A ƙarshen 1924 ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya taso daga Aljeriya, ya keta Sahara, ya sauka Yamai, sannan ya miƙa gabas zuwa Damagaram da tafkin Cadi. An yi ta yayata wannan tafiya a Faransa a matsayin bajintar inji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shirin da ya gabace ta. Tun watanni kafin motocin su tashi aka tura mutane suka ajiye mai da kayan gyara a zango-zango, kuma kowace mota na tafe da bakanikenta. Ke nan tun ranar farko mota ba ta taɓa zuwa ƙasar nan ita kaɗai ba. Hanyoyin da motocin Turawa suka riƙa bi daga baya, kakanninmu ne suka share su da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 sai zamanin Berliet da Peugeot ya shigo. Dattawanmu sun san Peugeot 404 mai tamfal, wadda ta ɗauki buhunan albasar Galmi da awaki da fasinja a lokaci guda. An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968. Lokacin da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Sakkwato, suka tsallako ta Illela zuwa Ƙonni, daga nan zuwa Madawa. Yaro ya shiga gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, kafin ya yi gemu ya iya kwance injin 504 ya mayar ido rufe. Wannan ne ya sa motar ta yi tsawon rai a hannunmu. Ƙarfin ƙarfenta ya taimaka, amma abin da ya riƙe ta shi ne dubban hannayen da suka san ta.

Kada wani ya ɗauka laifin ƙasar Italiya nake gani. Manyan motocin Fiat sun yi suna a hanyoyin Afirka, har aka kafa masana'antar harhaɗa su a Kano. Sun yi aiki ne saboda sun samu abin da Peugeot ta samu: masu gyara da kayan gyara a kusa.

Mu mutanen wannan yanki ma mun san Italiya ta wata fuskar. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙasar Keita ta zama faƙo da tsandauri, ruwan sama na gangarowa daga duwatsu yana kwashe gonaki. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya kuma na biyan ma'aikata da abinci. Yawancin masu aikin mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Sun ɗauki duwatsu a ka, sun jera su a kan gangare, sun haƙa ramukan tare ruwa. A cikin shekara kusan ashirin an farfaɗo da fiye da kadada 30,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsun ruwa da rijiyoyi da makarantu. Kafin wannan, tun 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji na Buza sun fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gero daga iska.

Aikin Keita ya zo da katafila da tarakta, kuma sun yi abin da hannu ba zai iya ba. Sai dai idan mutum ya zaga yankin yau, abin da zai fi gani yana aiki shi ne jerin duwatsu da itatuwa. Dalili a fili yake. Idan ruwa ya ture dutse, mai gona da 'ya'yansa za su mayar da shi kafin azahar. Inji kuwa idan ƙarfe ɗaya ya karye a cikinsa, sai an jira daga ƙetaren teku. Abin da mutanen gari suka iya gyarawa da kansu shi ne ke zama nasu.

To, ta ina motocin alfarma na gwanjo suka biyo suka iso mu? Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati dare ɗaya. A daidai wannan zamani Turai na neman inda za ta kai tsofaffin motocinta, tashar jiragen ruwa ta Kwatano kuma ta zama babbar kasuwarsu a Afirka ta Yamma. Ana sauke su, a jero su ayari ta Parakou da Malanville, a tsallaka gadar Gaya. Da yawa an rubuta Nijar za su, amma daga Ƙonni ko Maraɗi sai su karkata zuwa Najeriya. Daga nan ne kalmar "Kwatano" ta zama sunan duk wani abin hannu da ya fito daga Turai.

Wannan kasuwa ta yi mana rana, babu musu. Ita ta ba malami da ma'aikacin asibiti damar mallakar Starlet ko Corolla, ita ta cika tashoshinmu da Hiace. Toyota ta gaji Peugeot ta hanyar da Peugeot ta bi: motocin suka yi yawa, masu sayar da kayan gyara suka bi su, yaran gareji suka koye su. Amma jirgin da ya ɗauko Corolla ɗari ya kan ɗauko mota ɗaya da ba ta da 'yar'uwa a ƙasar. Hanyar ma ba ta da tabbas. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mai Corolla ya ji jiki, amma ya samu abin da yake nema a Ƙonni. Mai motar da ba ta da 'yar'uwa sai dai ya zauna jira.

Yanzu mu zo kan ita kanta motar. An kafa kamfanin Maserati a birnin Bologna a 1914, daga baya ya koma Modena. Quattroporte na nufin "ƙofa huɗu" da Italiyanci, kuma an fara ƙera ta a 1963 don mai kuɗin da ke son gudun motar tsere da zaman falo. Shugaban Italiya Sandro Pertini ya hau irinta a matsayin motar mulki. Samfurin da ake yi wa abokina talla ya fito a 2003. Injinta mai silinda takwas ne, kamfanin Ferrari ya ƙera shi, ƙarfinsa doki 400. Tsawonta ya ɗan haura mita biyar, nauyinta ya kusa tan biyu. Mota ce ta gaske, ba wanda zai raina ta. An dai yi ta ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta tsakanin Milan da Rum.

Ga abin da na auna. Na farko, giyarta. Waɗanda aka ƙera kafin 2007 suna da wata irin giya da kwamfuta ke taka wa kuloci, kuma an san kulocin da saurin cinyewa a tafiyar tsaya-tashi. Canza shi na buƙatar na'urar da ke magana da kwamfutar motar. Sai a 2007 aka fara saka mata giyar otomatik ta kamfanin ZF na Jamus. A kilomita 210,000 tambayar ita ce sau nawa aka canza kulocin, kuma yaushe ne na ƙarshe. Ita ma mitar, lamba ce da mai na'ura ke iya mayarwa baya. Abin dogaro shi ne littafin da gareji ke buga wa hatimi duk lokacin da aka yi mata hidima. Dillalin bai da shi.

Na biyu, mai. A cikin gari ta kan sha fiye da lita 20 a kowace kilomita 100. Mu yi mata adalci mu ce lita 15 a doguwar hanya. Daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne, zuwa da dawowa 1,000, wato lita 150. Idan lita na sefa 500, jika 75 ke nan. Corolla mai shan lita bakwai za ta yi wannan tafiya da jika 35. Sannan injin irin wannan ba ya jure man kwalba na bakin hanya mai ƙura da gauraye.

Na uku, ƙasa. Cikinta dab yake da ƙasa, tayoyinta faffaɗa ne marasa kauri. Hanyoyin ƙauyukanmu na Adar dutse ne da rairayi da koramai. Damina ɗaya ta isa dutse ya fasa mata ciki ko ya yaga taya, kuma girman tayarta ba a rataye yake a shagon mai faci ba. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, alhali motar cike take da wayoyi da na'urori da suka riga suka tsufa.

A nan amsar tambayar farko take. Farashin motar ya faɗi daga miliyan 65 zuwa huɗu da rabi, amma farashin kayan gyaranta bai faɗi tare da ita ba. Har yanzu kuloci da birki da shokozoba na motar miliyan 65 ne. Bature ya sake ta ne a lokacin da gyaran da ke gabanta ya kusa kai kuɗinta, alhali garejin da ya san ta na bayan gidansa. Iyayenmu sun san wannan lissafi a kan doki. Ba kuɗin sayen ingarma ke hana talaka hawa ba, dawa da ciyawa da kanwa da mai kula da barga ne. Shi ya sa mai saye ke buɗe bakin doki ya duba haƙora kafin ya kalli sirdi. Hausawa kuma sun ce araha ba ta ado.

Shawarata ga abokina ita ce ya bar ta. Wanda ya dace da ita shi ne mai wata motar ta yau da kullum, wanda ke zaune a babban birni, kuma zai iya ajiye kwatankwacin kuɗin saye a gefe don gyara. Malamin da ya zuba guminsa na shekara uku, wanda zai buƙaci motar ta tashi da ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta kama matarsa, ya je garejin garinsu ya ga motar da aka fi kwancewa ana mayarwa, ya sayi irinta. Ya tafi da bakanikensa, a ɗaga ta a duba ƙasanta, a tabbatar da takardun kwastan kafin a biya la'ada.

Ga 'yan'uwana malamai da iyaye, akwai darussa biyu a nan. Yaranmu na ganin waɗannan motoci a TikTok da Facebook, suna jin farashin saye, ba mai gaya musu kuɗin riƙo. Lissafin man da na yi a sama aikin ɗan aji shida ne. Mu riƙa ba su irinsa a allo: babur, waya, injin ban-ruwa, nawa aka saya, nawa zai ci a shekara, wa zai gyara. Na biyu, mu daina ɗaukar gareji da makarantun koyon sana'a a matsayin wurin jefa yaron da ya kasa karatu. Motocin yau kwamfuta ce ke tafiyar da su, kuma bakaniken gobe sai ya iya karatu da lissafi kafin ya iya sufana. Ranar da Madawa da Buza da Keita suka samu matasan da ke karanta na'urar binciken inji kamar yadda iyayensu suka karanci 504, motoci da yawa da muke tsoro yau za su zama abin saye. Wannan aiki daga ajinmu zai fara. Allah Ya sa mu dace.