Kasuwar Kirsimeti da matan Boston suka yaƙi bauta da ita

Da zarar Disamba ta kama, makarantun firamare a Ingila da Amurka sukan mai da ɗakin taronsu kasuwar yini guda. Iyaye mata su gaso kek, a baje kayan wasan yara na gwanjo, a sayar da tikitin cin kyauta, abin da aka tara a sayi littattafai ko a gyara filin wasa. Al'adar ta girmi ƙungiyoyin iyaye da malamai. Tun ƙarni na 19 matan masu hali a Ingila suke ɗinka kaya su sayar domin taimaka wa marayu da asibitoci, amma a birnin Boston na Amurka aka ga iyakar abin da irin wannan kasuwa za ta iya.

A 1833 wasu mata a Boston suka kafa ƙungiyar yaƙi da bauta. Ba su da ƙuri'a, kuma a lokacin abin kunya ne mace ta hau mumbari ta yi wa maza jawabi. Allura da zare kuwa babu mai hana su. A Disambar 1834 suka buɗe kasuwarsu ta farko, marubuciya Lydia Maria Child tana cikin jagororinta, aka tashi da kusan dala 300.

Wadda ta mai da abin gagarumi ita ce Maria Weston Chapman, mace mai kaifin ido a harkar ciniki. Ta gane cewa tausayi kaɗai ba ya cika akwati. Yawancin masu kuɗin Boston ba sa ƙaunar masu yaƙi da bauta. A 1835 ma gungun mutane suka tarwatsa taron matan, suka ja ɗan jarida mai yaƙi da bauta William Lloyd Garrison a titi da igiya. Amma kowa yana neman tsarabar Kirsimeti ga iyalinsa. Don haka Chapman ta dage sai kayan sun fi na kantuna kyau. Ta yi ta aika wasiƙu zuwa ga mata a Glasgow da Dublin da Bristol, su kuma suka riƙa turo akwatuna ta jirgin ruwa: mayafan ulu, leshi, takardun rubutu masu ado, kayan da ba a samunsu a Boston. Daga 1839 ta ƙara da wani littafin kyauta mai suna The Liberty Bell, wanda ake sayarwa a wurin. Mai zagin ƙungiyar da safe sai ga matarsa da yamma tana taya leshi.

A tsakiyar shekarun 1840 kasuwar ta koma Faneuil Hall, babban zauren taron birnin, tana ci kwanaki a jere, tana kawo dubban daloli a shekara. Da kuɗin ake riƙe jaridar ƙungiyar yaƙi da bauta ta Amurka da masu zagayawa gari-gari suna jawabi.

Sai dai aikin yana cin mata watanni suna ɗinki da lissafi. A 1858 Chapman da kanta ta soke kasuwar, abin da ya ɓata wa wasu abokan aikinta rai, ta maye gurbinta da liyafar maraice inda baƙi suke ba da gudummawar kuɗi kai tsaye.