Fadar Sitokholm: Ginin da Ya Tashi daga Toka

A ranar 7 ga Mayu 1697, gobara ta tashi a tsohuwar fadar sarakunan Suwidin da ake kira Tre Kronor, wato Kambuna Uku. A lokacin gawar Sarki Karl na 11, wanda ya rasu wata guda kafin nan, tana cikin fadar ba a binne ta ba, sai da aka fitar da ita cikin gaggawa. Wutar ta lashe mafi yawan ginin, haɗe da ɗimbin littattafai da takardun tarihin ƙasar.

Asalin wurin ganuwa ce ta ƙarni na 13, wadda aka kafa a daidai inda tafkin Malaren ke haɗuwa da Tekun Baltik, domin tsare mashigar ruwa. A hankali sarakuna suka faɗaɗa ta har ta zama mazauninsu.

Bayan gobarar, an ɗora wa mai zanen gine-gine Nicodemus Tessin ƙarami nauyin tsara sabuwar fada. Tessin ya yi karatu a birnin Rum, saboda haka ya ɗauko salon manyan gidajen Italiya: gini mai kusurwa huɗu da ya kewaye tsakar gida, tagogi jere reras, rufi kuma a shimfiɗe, babu hasumiya. Ɓangaren arewa, wanda shi ya gina kafin gobarar, ya tsira, sai aka ɗora sauran a kan tsarinsa.

A wancan zamani Suwidin babbar daula ce mai iko da Finlan da wasu yankunan gaɓar Baltik, kuma fadar an tsara ta ne daidai da wannan girma. Sai dai yaƙi ya sha gaban gini. Sarki Karl na 12 ya fita daga Sitokholm a 1700, bai sake komawa ba. Da sojojin Rasha suka karya rundunarsa a Poltava a 1709, baitulmali ya ƙafe, aiki ya tsaya cik. Ba a ci gaba ba sai a 1727. Shekara guda bayan haka Tessin ya rasu, Carl Hårleman ya karɓi ragamar aikin. Shi ya jagoranci ƙawata cikin fadar da salon Faransa, tare da masu sassaƙa da masu zane da aka gayyato daga can.

Sai a 1754 Sarki Adolf Fredrik da iyalinsa suka tare, shekara 57 bayan gobarar. Kafin lokacin al'amura sun sauya: ƙasar ta rasa yankunanta na Baltik a yarjejeniyar 1721, majalisa kuma ta karɓe mafi yawan ikon sarauta. Fadar da aka zana wa sarki mai cikakken iko, sai ga shi mai taƙaitaccen iko ne ya fara kwana a cikinta.

Fadar tana da ɗakuna sama da 600. A zauren taron ƙasa akwai kujerar azurfa ta Sarauniya Kristina, wadda ta tsira daga wutar. Tun 1981 iyalin sarki suna zaune a Drottningholm, amma a nan ofishin sarki yake, a nan kuma yake karɓar jakadu. A ƙarƙashin ɓangaren arewa akwai gidan tarihi, inda mai ziyara zai ga ragowar bangon tsohuwar ganuwa.